Ƙararrawar da Aka Hana Amsawa

Unguwar Kwamba,
Suleja, Jihar Neja.
9 ga Mayu.

Zuwa ga ɗana Titus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka Ngozi da yara. Allah ya kiyaye ku a can Fatakwal, ya sa albarka a aikin hannunka. Ni ina nan yadda ka bar ni. Ƙafar hagu ba ta dawo ba, muryar ma sai mutum ya kawo kunne kusa, amma hannun dama yana riƙe alƙalami, na gode wa Allah. An yi ruwan fari, zafi ya ɗan sauka. 'Yan zumuntar mata sun je sun share kabarin mahaifiyarka Rebeka. Na zaɓi takarda maimakon waya ne domin a waya kullum kana kan hanyar zuwa wani wuri, ita kuwa takarda ba a katse ta.

Maƙwabcina Malam Gwadabe ya rasu ranar Talatar makon jiya, bayan ya faɗi a bakin ƙofata. Ka san shi, tsohon direban nan da ya yi aiki a Abuja, wanda ɗakinsa ke kallon nawa. Ina so ka san yadda abin ya faru, domin da hannunka a ciki.

Ka tuna da Kirsimeti ka kai ni wurin likita saboda abin nan da ke kama ni, ƙirji ya ɗaure, gumi ya karyo, in ji kamar numfashi zai tsaya. Likitan ya duba, ya ce zuciya lafiya lau, abin da ke damuna fanik ne. Ka yi dariya tun kafin mu fito. Da muka dawo gida ka tara mutane a bakin rijiya, ka ɗaga ƙararrawar hannun nan da makaranta ta ba ni ranar da na yi ritaya, wadda nake kaɗawa in ciwon ya taso tun da murya ta ƙi. Ka ce musu Baba ba shi da komai sai fanik, duk wanda ya amsa ƙararrawar ƙara masa cutar yake yi, su toshe kunne zai daina da kansa. Ka ce likita ne ya faɗa. Ina zaune a ofishin likitan, Titus, kunnena bai shanye ba. Bai faɗi haka ba.

Shekara talatin da ɗaya na koyar da Turanci, tun kafin a haife ka, saboda haka da ka tafi na jawo tsohon ƙamus ɗina na duba kalmar, ko ta sake ma'ana ban sani ba. Tana nan yadda na san ta: tsoro ne mai zuwa farat ɗaya, ya kwashe wa mutum hankali. Da ita ake faɗin yadda kasuwa ke watsewa in wani ya yi ihun gobara, da yadda masu mota ke cika gidan mai in an ji raɗe-raɗin za a rasa fetur. Samarin yanzu kuma suna jefa ta a hira, su ce kada ka yi fanik, in suna nufin kwantar da hankalinka. Na karanta shafin har ƙasa, ban ga inda aka ce ƙarya ba ne, ko shagwaɓa. Mu a Hausa in an ce mutum ya firgita, ko ya razana, ko gabansa ya faɗi, ruwa ake ba shi a ce masa sannu. Kai ka zaɓi ta Turanci, don ka san ba wanda zai yi musu da ɗan boko mai mota.

Magana zarar bunu ce. Kafin sabuwar shekara sunana ya koma Baba Fanik a gidan nan. Tayyiba, matar da ke haya a ɗakin kusa da ƙofa, takan ɗauki cokali da kwano ta bi ta gaban tagata tana kwankwasawa, tana cewa an tashi daga makaranta, hedimasta ya sallami kowa. Sauran mata su yi ta shewa. Mutum ɗaya ne ya ƙi bin umarninka, shi ne Gwadabe. Ya ce mini mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma likita bai taɓa wuni shi kaɗai da bango huɗu ba. In na kaɗa, sai ya jawo takalmansa ya zo da rediyonsa, ya zauna a kan benci, ya ce Malam Istifanus yau kuma wane ɗalibi ne ya makara. Kafin a gama labaran duniya ƙirjin ya saki.

Ranar Talatar, bayan ya yi sallar azahar, ya taho wurina ba tare da na kira ba. Maza duk sun tafi Abuja tun asuba. Yana sa ƙafa a dokin ƙofa sai ya dafe ƙirji, ya durƙusa, rediyon ya faɗi. Na yi ihu, abin da ya fito bai kai kukan kaza ba. Na ɗauki ƙararrawar na kaɗa da iya ƙarfina. Matan suna can bayan ɗakuna ƙarƙashin mangwaro ana kitso, har da Bilkisu matarsa. Ina jin su sarai. Na ji Tayyiba ta ce ga shi nan ya fara, na ji dariya. Na ji Bilkisu da bakinta ta ce a bar shi, ai Malam yana can zai lallashe shi. Na sauko daga gado na ja ciki zuwa ƙofa, na tallafo kansa da hannu ɗaya, ɗayan yana kaɗawa har fatar tafina ta saɓule. Agogon bango yana gabana: minti arba'in. Idonsa a buɗe yake, yana kallona, yana jin muryar matarsa. Sai da Patience malamar firamare ta dawo daga aiki ta same mu. Keke Napep na nan jere a bakin titi, asibiti tafiyar minti goma ce. A cikin keken ya cika.

Yanzu ka ji yadda aka raba laifin. A zaman makoki Bilkisu ta ce, a gaban mata, da tsohon nan bai riƙa kaɗa ƙararrawa a banza ba, da mijinta na raye. Ban ga laifinta ba, dole ta sami inda za ta ajiye abin da ke kanta. Amma kowa ya kama. Ba mai gaishe ni. Mai gidan ya zo shekaranjiya, ya tsaya daga waje, ya ce masu haya sun ce zama da ni ya gagara, in nemi wani wuri kafin ƙarshen Yuni. Ba wanda ya ambaci sunanka. Kai baƙo ne mai kirki da ya raba wa kowa shinkafa.

Ga abin da nake nema, kuma ban taɓa neman komai a wurinka ba. Ka zo kafin ƙarshen Yuni, ka tsaya a bakin rijiyar nan, ka tara su kamar yadda ka tara su, ka ce kai ka hana su amsawa, kuma likita bai ce haka ba. Ka faɗa da Hausa. Wataƙila mai gida ya bar ni, wataƙila Bilkisu ta iya kallona. Fuskarka ta mahaifiyarka ce, hannunka nawa ne, zuciyar ce ban san inda ka samo ta ba, amma ina so in gani ko akwai kunya a cikinta. In ba ka zo ba, na riga na gaya wa Fasto, ya kuma rubuta: ranar da na mutu, kada a sanar da kai sai an rufe ramin.

Ka gai da Ngozi, ka ce na gode da maganin shafawa. Ka gai da jikokina Debora da Samuel, su dage da karatu. Ka gai da kawunka in kun yi waya. Allah ya tsare ku duka.

Ni ne mahaifinka,
Istifanus