Kujerar Baba Ta Daina Ja da Baya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya lau, sai ciwon ƙafar Mama da ke kai mu asibiti a kai a kai.

Maganar jif ɗin da Baba ya bari ce ta sa na rubuto. Tun bayan rasuwarsa ba ta bar ni na sha ruwa ba. Yau fitilar gargaɗi ta kama, gobe gilashi ya ƙi sauka, jibi a wayi gari batir ya mutu. Ga baƙin hayaƙi daga salansa, har ta faɗi gwajin hayaƙi aka hana mu sabunta takardu. Mai gyaran wutar mota ya canja wannan ya canja wancan, har ya gaji da ganin fuskata. A ƙarshe ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta lalace, sai an sa sabuwa, kuma duk abin da tsohuwar ta riƙe zai goge.

Ka san Baba dogo ne, ni kuwa kai ne ka laƙaba min Guntuwa. To, motar ta haddace zamansa. Duk sanda na murza makulli, kujerar direba sai ta ja baya a hankali zuwa inda yake miƙe ƙafa, madubai su ɗaga, ni kuma in jawo ta gaba ina mita. Ashe abin da Mama ke jira ke nan kullum daga kujerar gefe. Da na gaya mata batun gyaran, sai ta ce a bar motar haka, ita hayaƙi bai dame ta ba. Na bi tata, har ranar da jif ɗin ta mace mana a tsakiyar titi, Mama na cije leɓe saboda ciwo, likita kuma ya tashi ba mu isa ba. Washegari na kai ta gareji, zuciyata ba daɗi.

Yanzu ta gyaru tsaf, ba fitila ba hayaƙi. Ranar da muka fara fita da ita, na murza makulli, Mama ta juyo ta zuba wa kujerar ido. Kujerar ko motsi ba ta yi ba. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta gyara mayafinta ta ce, "To, mu je. Babanku ya sauka." Yaya, da hawaye na tuƙa har asibiti.

Don Allah ka kira ta, amma kada ka tambaye ta motar. Ka gaida matarka da 'yan biyu. Kawu da Auta suna gaishe ka. Allah ya jiƙan Baba, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Guntuwa