Ɗan Fari a Ƙirjina

Lahadi, 8 ga Satumba 2024
Sai yau hannuna ya yarda ya riƙe biro. Ranar Talata komai ya canza. Ina Ɗan Kassari wurin Inna, goyon ciki, ina kwance da littafi, daidai inda budurwar za ta ba saurayi amsa, sai faya ta fashe. Wata takwas da 'yan kwanaki. Daga likitar garinmu aka wuce da ni matarnite, asibitin haihuwa, ta Dogon Dutsi.

A littattafai jariri da kuka yake faɗowa, miji ya shigo yana ƙamshi. Nawa shiru ya fito, leɓensa baƙi. Ungozoma Zubaida ta goge shi, ta kifa masa 'yar roba a hanci da baki, tana matsa wani abu kamar balan-balan. "Haba malam, yi mana sallama mana." Can sai ya yi ɗan kuka irin na kyanwa. Ban taɓa jin murya mai daɗi haka ba.

Litinin, 9 ga Satumba
An cire siririn tiyon iska daga hancinsa. Da kansa yake numfashi. Alhamdu lillahi.

Talata, 10 ga Satumba
An yi suna a gida, mu muna nan. Mijina Munkaila ya zo a babur, duk ƙura, ba ƙamshin komai sai na rago. Sunan yaron Zaidu. Na rubuta nan, tunda bakina ba zai faɗi sunan ɗan fari ba.

Juma'a, 13 ga Satumba
An sallame mu. Zubaida ta ce irinsa suna kama da cikakku amma huhunsu bai gama ƙwari ba. In ɗaure shi a ƙirjina, fata da fata, in riƙa duban haƙarƙarinsa. In ya lotsa, ko ya yi nishi, ko ya ƙi nono, mu komo. Inna ta kau da kai.

Lahadi, 15 ga Satumba
Masu barka sun cika ɗaki, suka kama ni ina leƙen cikin zanena. Dariya har da tafi. Inna ta ce, "Ke ɗiya, mi kike kallo? Ɗan fari ne hwa! Ni ban dube ki gaban mutane ba sai da kika yi tahiya." A ɗakinta take so ya zauna, a kawo shi shan nono kawai. Kunya kamar in nutse. Na miƙa shi.

Litinin, 16 ga Satumba
Na fito daga wanka na same shi a gadon Inna, tafin ƙafarsa sanyi ƙalau, numfashi sama-sama. Na cusa shi cikin riga. Kaɗan-kaɗan ya yi ɗumi, ya daidaita, ya kama nono. Inna da kanta ta ja zanen ta ɗaure mani, tana ta faɗa.

Talata, 24 ga Satumba
Mun koma awo. Ya ƙara nauyi, ƙirji lafiya. Zubaida ta ce malam ya zama ɗan kokawa.

Alhamis, 26 ga Satumba
Littafin da nake karantawa yana ƙarƙashin gado, wataƙila gobe in ƙarasa shi. Gwaggo Sahura ta zo daga Sukukutane, ta ce an daina kunya a duniya. Inna ta sake miƙo hannu za ta karɓi yaron. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri."

A ƙirjina zai zauna, ko da wa ke ɗakin.