Babi na Tara Yana Ƙarƙashin Zuma

Gidan Limamin Coci,
Little Wendham,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Dorcas Hembry, sanyin idona, furen tuffar lambuna, ranar da kan leƙo garin nan sau ɗaya a mako tsofaffi da tumaki su fito shan hantsi!

Bayan gaisuwa da begen da ya hana ni cin abinci, ki sani wawa ne ke rubuto miki, wawan da ya iya Girkanci.

Lahadi biyu ke nan ina hawa mumbari ina shelar aurenki da Mista Gudge mai injin niƙa, da bakina, da wannan harshen nawa. Sau biyu na tambayi jama'a ko akwai mai dalilin da zai hana, sau biyu coci ya yi tsit, sai tarin tsoho Yeo. Wane liman aka taɓa sawa ya riƙa kiran a zo a ɗauke masa zuciya, har yana gyara murya? Gata ne karo na uku. In aka sake yin shiru, kin tafi.

Shekara goma sha ɗaya kina zuwa kowace Talata kina kwafe mini fassarar tsohon Bagirken nan, domin rubutuna ko kaza ba za ta yarda nata ba ne. Ni kuwa ina kallon takarda. Ga wuya kamar na balbela, ga ɗigon tawada a ɗan yatsa, ga dariyar da kike ɓoyewa cikin kofin shayi, amma Rabaran Ambrose Pellew yana can yana kokawa da mutumin da ya shekara dubu biyu a kabari!

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a lambu, lema ɗaya mu biyu? Kika tambaye ni me tsohon Bagirken nawa ya ce game da so. Na buɗe baki na yi miki wa'azin sa'a guda, wai so na ainihi tsakanin ruhi da ruhi yake, ba ruwansa da riƙe hannu. Kika dube ni kika ce, "To Rabaran, ruhina ya kare ka daga ruwan nan." Kika tafi da lemar. Na yi mura mako biyu, kuma wallahi ban gane komai ba.

Shekaranjiya na gane. Littafin ya fito, sai wani shehin malami ya aiko mini da wasiƙa daga jami'a, yana kumfar baki wai ina babi na tara? Babin nan ne da tsohon ya ce mai neman hikima ya nisanci aure. Na birkice ɗakin karatu ban gan shi ba. Uwargida Budd mai dafa mini abinci ta tsaya bakin ƙofa tana kallona, sannan ta ja ni zuwa ɗakin ajiya ta ɗaga kwalaben zuma. Ga shi nan an shimfiɗe a kan katakon da ake jera su, duk ya yi danƙo. Ta ce ke kika ba ta shi shekara huɗu da suka wuce, kika ce a nan ne kawai zai yi amfani.

"Kai dai ka iya karatu, Rabaran," in ji ta, "amma ko jakin Gudge ya fi ka gane mace."

Na zauna a kan buhun dankali na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na tsaga nawa. Ina sonki, Dorcas. Ina sonki da ruhin, da hannun, da wannan sanƙon kan, da duk abin da tsohon ya ce a raina.

Ga abin da zan yi. Ran Lahadi zan karanta sunanki, in yi tambayar kamar yadda doka ta ce. Daga nan in tuɓe rigar limanci, in sauko matakalar mumbari bakwai ɗin nan, in tsaya cikin jama'a in ɗaga hannu in amsa wa kaina. Na san bishop, shugabanmu, zai kira ni, wataƙila ya karɓe cocin. Na san damtsen Gudge ya kai cinyata kauri. Duk na ji, na gani.

In ba kya so, kada ki bari in tozarta ki. Ki kwafe babi na tara da kyakkyawan rubutunki ki aiko mini kafin Asabar ta ƙare. Zan gane, zan yi shiru, kuma ni zan ɗaura muku auren.

Amma sai dai ki rubuto shi da ka, ya masoyiyata, domin na mayar da shi ƙarƙashin zuma, kuma na ce wa Uwargida Budd ko ke kika zo nema kada ta ba ki mabuɗin ɗakin ajiyar.

Naki har a kwantar da ni bayan cocin nan, ko da cocin ya zama na wani a lokacin,

Ambrose Pellew