Yaran da Suka Tafi Bikin Inabi

Setapak, Kuala Lumpur
Fabrairu

Ƙanena Alhaji Badamasi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya Aishatu da yara duka.

Tun shekarar da na zo ƙasar nan wajen ɗana Yusha'u neman maganin gwiwa, na ji wata magana a shagon mamak, wato na Indiyawan nan, inda muke shan shayi bayan Juma'a. Wai da zarar inabi ya nuna a Ostareliya, sai ɗalibanmu su ragu a Setapak. Wai wani mai kamfanin yawon buɗe ido a unguwar Bukit Bintang ne yake kwasar su, da sunan rakiyar baƙi masu zuwa kallon bikin girbi, daga nan shiru. Na yi dariya. Ni da na tashi a gaban tsohuwar da ta sa mana dodo a kowace rijiya, ai na san zancen da aka ƙara wa gishiri.

Yau dai ban yi dariya ba. Ɗanka Bahauddeen, wanda ka ce in sa masa ido, ya daina zuwa cin tuwon Asabar, kuma ka san shi da tuwo. Na aiki jikana Nasir ɗakinsu, aka ce Bahauddeen ya tafi wani kwari mai suna Barossa, can Ostareliyar. Da saninka?

Naka,
Halliru

Kano
Fabrairu

Yaya Halliru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi.

Da sanina. Yaron karatun harkar otal yake yi, ya ce min aikin koyo ne. Gonar inabi ce, Yaya, ba gidan caca ba. Ya turo hoto yana riƙe da kwando, har na nuna wa mutane a masallaci, kowa yana sa albarka. Ka rage zaman shagon shayin nan.

Ƙaninka,
Badamasi

Setapak
Maris

Alhaji,

Bayan gaisuwa. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Yusha'u ya je makarantarsu, sun ce ba su tura kowa ko'ina ba. Inabin can kuma ba wanda ake kai wa marar lafiya a asibiti ba ne. Matse shi ake yi a yi giya, kwarin kaf da ita yake ci. Nasir ya nuna min bikin a wayarsa. Baƙi daga ko'ina suna bin gona gona suna ɗanɗana, mata sun tattare zane suna tattaka inabi a cikin baho har ƙafafunsu sun yi jawur. Kan tituna kuma an jera mutum-mutumin ciyawa, an sa musu kaya, kowanne yana murmushi da bakin zare.

Na ce, "Kai, wannan wane irin gari ne?"

Ya ce, "Relax lah, Kaka, festival ne kawai. Kai komai sai ka ga aljani a ciki."

Na ce ya mayar da hoton baya. A tallan kamfanin nan, mutum-mutumi na bakin ƙofar wata gona yana sanye da hula kube mai ruwan ƙasa. Ni na ba Bahauddeen ita ranar Sallah.

Shekaranjiya Bahauddeen ya kira ni da lambar wani, murya ƙasa ƙasa. Babu baƙon da yake yi wa rakiya. Yankan inabi suke daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, a wata gona bayan tudu inda motar baƙi ba ta bi. Mutumin da ya kai su ya riƙe fasfo ɗinsu, ya ce wanda ya fita titi 'yan sanda za su ɗaure shi, don izinin ziyara gare shi ba na aiki ba. Na tambaye shi hula, ya ce an karɓa don wasa. Sai ya ce, "Baba Halliru, don Allah kada Alhaji ya ji." Wani ya daka tsawa, wayar ta mutu.

Dakta Ɗayyabu, abokin aikin Yusha'u, yana da mutane a Adelaide, kusa da wajen. Amma sai an kai maganar gaban ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan da ofishin jakadanci, da sunan yaro da sunan ubansa. Ka san mutanenmu, kafin la'asar ta isa Kano. Ka ba ni izini.

Halliru

Kano
Maris

Yaya,

Na karanta. Hajiya ba ta sani ba, kada ta sani.

Ban ba da izini ba. Ni nake jan salla idan liman ba ya nan. Bikin 'yata Rufaida ya matso, surukan gidan malamai ne. In tashi in ce ɗana yana can yana haɗa giya? Masu tambaya na riga na gaya musu ya samu gurbin digiri na biyu a Adelaide ta hannun kamfanin. A bar shi a haka. Girbi yana ƙarewa, zai dawo, in ji da shi a cikin gida.

Ka rufa min asiri, don zumunci.

Badamasi

Setapak
Mayu

Alhaji,

Sallama. Girbi ya ƙare, an kwashe mutum-mutumin. Lambar nan da ya kira ni da ita ba ta shiga.

Na lallaɓa da sandata har Bukit Bintang. Ofishin a buɗe yake, yaranmu a layi har bakin matakala. Yanzu ba inabi ake kai su yanka ba, wai akwai aikin gyaran kurangar inabin kafin sanyi. Na ja hannun ɗaya na ce ya koma gida, ya ce, "Baba, ba ka ji ba? Ɗan Alhaji Badamasi masters yake yi ta hanyar nan, babansa da kansa ya faɗa a Kano."

Ranar Juma'a zan miƙe a masallaci in faɗi sunanka da na ɗanka. Ka yi fushi, ina da sauran shekarun da zan jure.

Maganar digirin nan taka na ji ta a bakin mutum da yawa a makon nan. Na ƙarshe ya turo min ita ne da safe daga filin jirgi, yana ba ni haƙuri don bai yi sallama ba. Nasir ne.

Halliru