Bututun da ke bayan firamare

Litinin, 3 ga Maris
Farfesa ya sa hannu a rahotona. Ran Asabar za a haƙa wa makarantar firamaren nan rijiyar burtsatse, daidai inda na nuna. Ni na yi awon: na kakkafa ƙarafa a jere, na tura lantarki cikin ƙasa, inda ya wuce salin-alin nan ruwa yake. A sashenmu na fiziks kowa da fagensa. Masu hasken rana na kan rufi, masu taurari na gaban kwamfuta, in sun yi kuskure su goge. Mu 'yan binciken ƙasa namu kuskuren rami ne, kowa ya zo ya leƙa.

Laraba, 5 ga Maris
Na kai wa hedimasta kwafi. Baba mai gadi ya rako ni, sai ya ce, "'Yata, ai inda kika jera ƙarafanki tsohon bututun ƙarfe ne kwance a ƙasa, tun ba a haife ki ba." Na yi yaƙe. Ƙarfe ya fi ruwa jan lantarki. Watau ƙila bututu na auna! Ban tambayi kowa abin da ke binne ba, wai ni mai ilimi.

Alhamis, 6 ga Maris
Sau biyu ina isa ƙofar Farfesa ina juyowa. Yayata ta ce in ja bakina, ƙila a dace. In ba a dace ba fa? Injin haƙan sau ɗaya zai zo, yara ɗari huɗu kuma na jira. Tsoro nake ji, wallahi.

Juma'a, 7 ga Maris
Na faɗa masa. Ya daɗe yana goge tabarau. "Wa ya gaya miki?" Na ce mai gadi. Ya tsayar da masu injin, ya soke babin awon duka daga kundin digirina. Aikin wata uku. Na yi kukana a banɗaki.

Talata, 11 ga Maris
Na sake awo, na gicciye bututun. Tsohon wurin dutse ne zalla. Ruwan na can kudu, taku arba'in. Kafin in warware wayar awon, awa guda muka yi da Baba muna zagaye, yana nuna min abin da ke binne ina rubutawa. Ban ce ya fi na'ura ba. Kawai dai na bar layi ɗaya a shafin sunayen masu binciken a sabon rahoton, gobe zan tambaye shi cikakken sunansa.