Ƙafafun Baba a Hoto

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Ya Inna da ciwon gwiwarta?

Ni lafiyata lau. Karatu ne ya sha mini kai, ga sanyi. Na ɗan rame, amma ba abin damuwa ba ne. Wannan zangon an tura mu asibitin unguwa, muna duba marasa lafiya tare da likitar iyali. Kullum tana cewa mu lura da abin da mutum bai faɗa ba.

Yaya, me ke damun Baba? A hoton da kika turo na ga ƙafafunsa a kumbure, har take bayan takalminsa ya yi. Zobensa na azurfa ma babu a yatsa. Da na kira, bai gama amsa gaisuwa ba ya hau haki, sai kika karɓe wayar kika ce, "Gajiya ce, daga kasuwa yake." Wace kasuwa, mutumin da ya bar wa Kawu shago tun bara?

Na san don jarrabawata kuke ɓoye mini, amma ɓoyon ya fi tayar mini da hankali. Don Allah ki turo mini hoton kwalayen magungunan da yake sha. Ki kai shi a auna jininsa, a duba zuciyarsa cikin makon nan.

Kada ki ce masa na gane. Ki ce aikin makaranta aka ba ni, ina neman taimakonsa. Da haka ne kawai zai yarda ya je.

Allah ya ba shi lafiya, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta