Hannun Daman Dragutin

Zuwa ga matata Milka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Vesna. Yaya tarin nan naki? Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Ban mutu ba. Kwanana tara a bakin ƙofar gari, a rumfar tsohuwa Ruza mai cuku, ita za ta kawo miki wannan. Masu gadin yumɓu sun hana ni shiga. Kin san ba su san fuska ba, ba su san murya ba, sai tafin hannun daman da mutum ya ɗora musu a ƙirji ranar bikin shuka. Nawa kuwa mayaƙan hayin kogi sun sare shi ranar da suka kama mu, shekara biyu ke nan.

Na miƙa hagu, babban masu gadin ya ture ni cikin laka. Ni fa na kwaɓa shi, Milka, ni na gasa shi, ni na hura masa rai. Kin tuna dariyar da kika yi wa karkataccen kunnensa?

Jakov, shugaban majalisa, ya leƙo daga kan ganuwa ya ce, "Haba maginin tukwane, kai ka yi su haka, yanzu kuma kake mana kuka? Jira bikin baɗi." Baɗi da wane hannu?

Mijinki,
Dragutin

Milka tawa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Vesna, Allah ya sa tarin ya yi sauƙi. Burodin da kika aiko ya iso, na kasa ci.

Jiya ina kallon Ruza tana barbaɗa wa cuku gishiri don kada ya lalace, sai na tuna wani abu. Mu arba'in aka sare wa hannu, duk na dama, duk 'yan garinmu. Ko ɗaya ba su yar ba. Da idona na ga suna jera su a ganga suna zuba gishiri. A lokacin na ɗauka mugunta ce kawai.

Na faɗa wa Jakov cewa da hannuwanmu za su wuce masu gadi. Ya ce zazzaɓi ke damuna, tun da aka kafa masu gadi baƙo bai taɓa wuce su ba. Ya jefo mini tuffa kamar mabaraci. Wallahi na tsane shi, na tsani aikin hannuna.

Yau da safe an hango dawakai a hayin kogi. Kada ki tsaya haɗa kaya. Ɗauko Vesna ki fito, masu gadi ba sa hana fita. Shekara biyu ina mafarkin ranar da hannuna na dama zai ƙwanƙwasa ƙofarki. Zai ƙwanƙwasa, Milka, amma ba ni zan kawo shi ba.

Naki har abada,
Dragutin